Filogin da Ya Narke: Nazarin Matsalar Wayar Wuta a Katin RTX 4090 da RTX 5090

A ranar 12 ga Oktoba 2022 kamfanin Nvidia ya fito da katin girafik ɗinsa na RTX 4090, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, kasuwa a kan dala 1,599. A wajen masu haɗa kwamfutar gem da hannunsu, kati ne da ba shi da na biyu a lokacin, kuma mutane sun yi rububinsa duk da tsadar. Ba a cika mako biyu ba, a ranar 24 ga watan, wani ya ɗora hotuna a dandalin intanet na Reddit. Ƙwaƙwalwar katin lafiyarta ƙalau, fankokinsa na juyawa, amma bakin filogin da ke kai masa wuta ya narke, robar ta yi baƙi ta cure, har ta ɓata soket ɗin da ke jikin katin. Kafin a ankara wasu ma sun fara ɗora nasu hotunan. Kowa ya ruga ya buɗe kwamfutarsa yana leƙe.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne wurin da zafin ya ɓullo. Mai haɗa irin wannan kwamfuta yana kashe kuɗi masu yawa wajen sanyaya ta. Zai sayi fanka shida ko tara, ya sa wa ƙwaƙwalwar kwamfutar na'urar sanyaya ta ruwa, ya zauna yana kallon digirin zafi a manhaja kamar mai gadin jinya. Amma duk wannan hidima ba ta kai ga ɗan filogin nan ba. Babu fankar da aka tanadar masa, babu ma'aunin zafi a cikinsa. Manhaja za ta nuna maka katin yana cikin ƙoshin lafiya a daidai lokacin da roba ke narkewa a gefensa, sai hanci ne zai fara ba ka labari.

Filogin da lissafinsa

Sunan filogin 12VHPWR. Ƙungiyar PCI-SIG, wadda kamfanonin kwamfuta suka haɗu a cikinta don tsara ƙa'idojin haɗa kayansu, ita ta amince da shi, Intel kuma ya shigar da shi cikin ƙa'idar ATX 3.0 ta akwatunan raba wuta, waɗanda masu sana'ar ke kira PSU. Yana da haƙora 16. Goma sha biyu na wuta ne, shida na kawowa shida na mayarwa, sai ƙanana huɗu a gefe da aikinsu sanar da katin yawan wutar da aka yarje masa ya ja: wat 150, 300, 450 ko 600.

Dalilin ƙirƙiro shi ba ɓoyayye ba ne. Tsohon filogi mai haƙora takwas wat 150 kawai aka yarda ya ɗauka. Katin da ke shan wat 450, kamar 4090, sai an jera masa irinsu uku ko huɗu, su cinye wuri a jikin allon katin, wayoyi su cika gidan kwamfutar. Sai aka ce a kawo guda ɗaya ƙarami ya ɗauki wat 600 shi kaɗai. A takarda abin ya yi kyau.

To, a yi lissafi. Wat 600 a kan bolt 12 yana nufin amp 50. A raba wa haƙora shida, kowane ya ɗauki amp 8.3. Ƙarfin da aka ba kowane haƙori kuwa kusan amp 9.5 ne. Ke nan ratar da ke tsakanin aikin yau da kullum da iyakar filogin ba ta wuce kashi 14 cikin ɗari ba. Tsohon mai haƙora takwas fa? Wat 150 ne a kan wayoyi uku, wato amp 4.2 ga kowane haƙori, alhali haƙoran na iya ɗaukar kusan ninki biyun haka. Shi ya sa aka shekara da shekaru ana cusa shi a karkace, ana lanƙwasa wayarsa yadda aka ga dama, ana cirewa ana mayarwa, amma da wuya ka ji ya ƙone. An bar masa wurin da zai yafe kuskure. Sabon ba a bar masa ba.

Akwai kuma wata ƙa'idar lantarki da duk labarin ya rataya a kanta: zafin da ke tasowa a mahaɗar waya yana ƙaruwa ne da yawan wutar sau kanta. In wutar da ke bi ta haƙori ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. In ta ninka uku, ya ninka tara. Kuma in haƙori bai kama abokinsa sosai ba, turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a wurin tana ƙaruwa, zafin ya sake hawa. Duk wanda ya taɓa jona hita ko dutsen guga a soket mai sako-sako ya dawo ya tarar da bakinsa ya yi baƙi ya san wannan karatu, ko bai taɓa shiga ajin kimiyya ba.

Watan farko: kowa da nasa zargin

Yawancin waɗanda suka sayi 4090 a farkon fitowarsa ba su da sabon PSU mai wannan filogi. Don haka an sako musu adafta a cikin kwali, mai baki uku ko huɗu na tsohon filogi a gefe ɗaya, sabon filogin a ɗaya gefen. Adaftar na da kauri da tauri. Shi kuma katin ƙato ne, wanda Nvidia ya ƙera da kansa ma faɗinsa ya kai milimita 137, kuma soket ɗin yana gefen da ke kallon murfin gilashin gidan kwamfutar. A gidaje da yawa, in kana so murfin ya rufu, dole ka danne wayar ta lanƙwashe daga bakin filogin. Saboda haka zargi na farko ya faɗa kan lanƙwasa, aka fara ba da shawarar a bar aƙalla milimita 35 a miƙe kafin a karya wayar.

Igor Wallossek, Bajamushen da ke da shafin Igor's Lab, ya farke adaftar ya nuna yadda aka liƙa wayoyi masu kauri da dalma a kan ɗan siririn ƙarfe, ya ce wurin zai iya tsagewa in aka motsa wayar. An kuma gano kamfanoni biyu ne ke ƙera adaftocin, Astron da NTK, kuma ƙirar haƙoransu ta bambanta. Kwanaki aka yi ana muhawara a kan wanne ne mai laifi.

Matsalar ita ce masu gwaji da dama sun yi ta ƙoƙarin narkar da filogin da gangan sun kasa. Sun lanƙwasa, sun ja, wasu har sun raunata liƙin dalmar, abin ya ƙi ƙonewa. Sai a tsakiyar Nuwamba tashar YouTube ta Gamers Nexus ta Steve Burke a Amurka ta fitar da bincikenta, bayan ta tura filogan da suka ƙone ɗakin gwaje-gwaje an duba su da eksire da na'urorin ƙara girman abu. A jikin robar filogan akwai layin gogewa da ke nuna iya inda suka shiga soket, kuma layin ya nuna ba su shige duka ba. Da suka sa filogi bai ƙarasa shiga ba, suka ja wayar gefe ɗaya, sai ga hayaƙi. Sun kuma ambaci ɓurɓushin ƙarfe da ke iya maƙalewa cikin haƙoran a matsayin wani sanadin, amma babban abin shi ne rashin shiga.

Ranar 18 ga Nuwamba Nvidia ya yi magana. Ya ce ya san da kusan mutum 50 a duniya da abin ya shafa, kuma bincikensa ya nuna yawanci ba a tura filogin ya shige gaba ɗaya ba. Ya yi alkawarin sauya wa waɗanda abin ya shafa kayansu cikin hanzari. A watan ne kuma aka shigar da ƙara a wata kotu a Kalifoniya, daga baya ita kuma PCI-SIG ta tunatar da mambobinta cewa gwajin lafiyar kaya nauyi ne a kan wanda ya ƙera ya sayar. Kowa dai yana kakkaɓe rigarsa.

Daga nan hukunci ya zauna a bakin mutane: laifin mai amfani ne. Ni kam ban taɓa gamsuwa da wannan hukunci ba, ko da yake ban musanta binciken ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne mutane ba su tura filogin ya shige ba. Amma me ya sa? Filogin na da tauri, sai an danna da ƙarfin da mutum ke tsoron yi wa kayan dala 1,599. Ƙarar maƙallinsa ba ta fita sosai, wani lokacin ba ka ma ji. Baƙi ne a cikin baƙin soket, a wurin da haske ba ya kai wa. Mafi muni, haƙoran nan huɗu na sanarwa suna haɗuwa tun kafin na wuta su gama zama, don haka katin zai tashi ya ja cikakkiyar wuta a kan filogin da ya rage saura. Waɗanda abin ya faru da su ba baƙi ba ne a sana'ar, da yawansu sun haɗa kwamfuta ba sau ɗaya ba. Idan ƙwararru na yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, a duba wurin.

AMD kuwa, abokin gasar Nvidia, da ya fito da katinsa na Radeon RX 7900 XTX a Disamban shekarar, mai shan wat 355, tsohon filogi mai haƙora takwas ya sa masa guda biyu.

Gyaran 2023

PCI-SIG ta sake fasalin filogin a 2023, aka sa masa suna 12V-2x6, ya shiga ƙa'idar ATX 3.1. A ido kusan ba ka bambanta su, kuma tsohuwar waya na shiga sabon soket. Canjin na cikin soket ɗin ne: an rage tsawon haƙoran sanarwa da milimita 1.5, an ƙara wa na wuta milimita 0.25. An kuma sauya ma'anar saƙon, ta yadda in haƙoran sanarwa ba su haɗu ba katin ba zai ja wuta ba sam. Wato in filogi bai shige ba, kwamfuta ta ƙi ba da hoto maimakon ta ƙone. Ana gane sabon da alamar H++ a jikinsa, tsohon kuma H+. Wannan gyara shi kansa amsa laifi ne ba da baki ba, domin da ƙirar farko ba ta da aibu da ba a taɓa ta ba.

A tsakanin nan an samu waɗanda suka yi gudun gara suka faɗa gidan zago. Don kauce wa lanƙwasa waya, mutane da yawa sun sayi wata adafta mai kusurwa ta kamfanin CableMod, wadda ke juya bakin filogin ƙasa ko baya. Sai ita ma ta riƙa sassautawa tana narkewa. A Fabrairun 2024 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye kusan guda 25,300, bayan rahotanni 272 da asarar dukiya ta aƙalla dala 74,500. Darasin fasaha a nan a fili yake: kowace adafta da ka ƙara, ka ƙara mahaɗa guda, kowace mahaɗa kuma sabon wurin turjiya ce.

Inda gizo ke saƙa

RTX 5090, magajin 4090, ya fito ranar 30 ga Janairu 2025 a kan dala 1,999, da sabon soket ɗin da aka gyara, yana shan wat 575. Wannan kusan amp 48 ne, wato kusan amp 8 ga kowane haƙori in komai ya tafi daidai. An matso da katin har bakin iyakar filogin. Cikin makonni kaɗan hoton filogi narkakke ya sake fitowa, a wannan karon ta ɓangarorin biyu, na kati da na PSU, kuma mai shi ya dage cewa ya tura shi har ƙarshe.

Roman Hartung, Bajamushe mai gwajin kayan kwamfuta a YouTube da aka fi sani da der8auer, ya karɓi kayan ya duba, sannan ya gwada nasa katin. Ya sa kyamarar gano zafi, ya kuma kama wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mitar auna wuta. Abin da ya gani shi ya sauya alƙiblar maganar. Wutar ba ta rabu daidai tsakanin wayoyi shidan ba. Guda ɗaya na ɗauke da sama da amp 20, wasu kuma ɗan abin da ba a rasa ba. Cikin 'yan mintoci bakin filogin ta wajen PSU ya kai kusan digiri 150. A koma ga ƙa'idar da aka ambata: haƙorin da aka tsara wa amp 8, in ya ɗauki 22, zafinsa ya ninka sau bakwai da rabi. Da wasu suka ce ai ba zai yiwu waya ta ɗauki haka ba, sai ya dawo ya datse huɗu daga cikin wayoyi shidan da gangan. Katin ya ci gaba da aiki a kan biyun da suka rage, bai ce uffan ba.

Me ya sa katin bai lura ba? Wani mai nazarin allunan lantarki da ake kira Buildzoid ya yi bayanin da ya fi kowanne gamsar da ni. RTX 3090 Ti, wanda ya fito a Maris 2022, shi ma wat 450 yake sha, kuma da irin wannan filogi mai haƙora 16, amma bai yi suna da narkewa ba. A jikin allonsa an raba haƙoran wuta shida gida uku, bibbiyu, kowane gida da ɗan ma'auninsa, kowane kuma yana ciyar da nasa sashen na katin. Saboda haka ba yadda za a yi waya ɗaya ta ɗauki kayan kowa, kuma in gida ɗaya ya yanke katin zai sani. A 4090 da 5090 kuwa, haƙoran shida na shiga su haɗe su zama hanya ɗaya. Katin jimilla kawai yake gani. Ko wayoyi shida ne suka kawo amp 48, ko biyu, duk ɗaya ne a wajensa.

Idan aka haɗe wayoyi haka, abin da ke raba wutar tsakaninsu shi ne turjiyar kowace mahaɗa, kuma wuta ta fi bin inda ya fi sauƙi. Turjiyar nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka ɗan bambanci kaɗan ya isa ya karkatar da rabon. Haƙori ya ɗan buɗe saboda yawan cirewa da mayarwa, ko rufin ƙarfensa ya goge, ko nauyin waya ya ja shi gefe. Filogin dama sau 30 kacal aka ƙiyasta za a cire a mayar. Abin mamakin shi ne haƙorin da ya fi kamawa da kyau shi ke shan wahala, domin shi sauran ke turo wa kayansu. Wanda ya ƙone ba lallai shi ne mai laifin ba.

Wannan ya nuna bayanin 2022 gaskiya ne amma rabinta. Rashin tura filogi hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin da rabon wutar ke lalacewa, kuma ita kaɗai gyaran 2023 ya toshe. Ƙarancin rata da makantar katin suna nan inda suke.

Kamfanonin da ke ƙera nasu samfurin katin sun yi ƴan dabaru. MSI ya rina bakin filoginsa rawaya, in kana hango rawaya to bai shige ba. ASUS ya sa wa samfurinsa na ROG Astral ma'auni a kan kowane haƙori, manhaja ta nuna maka amp nawa ke bi ta kowanne, ta yi gargaɗi in ɗaya ya wuce kima. Wannan ya fi, amma gargaɗi ne kawai, bayan ma'aunan wayoyin na sake haɗewa, katin ba ya iya daidaita rabon da kansa.

Ga mai haɗawa a ƙasa mai zafi

Ƙarfin amp da ake rubuta wa irin waɗannan haƙora an gina shi ne a kan cewa zafinsu zai ɗara na iskar da ke kewaye da su da digiri 30. Ke nan daga zafin wurin ake fara ƙirga. Mai kwamfuta a ɗakin da ke digiri 21 da mai ita a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ba daga layi ɗaya suka tashi ba. Cikin gidan kwamfutar kuma ya fi ɗakin zafi, tunda katin a nan yake zubar da wat ɗari huɗu ko biyar ɗinsa. Zafin gari shi kaɗai ba zai narkar da filogi mai lafiya ba, amma yana cin ratar da dama ba ta da yawa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga soket in an bar shi a buɗe.

Abu na biyu, manyan katunan nan da yawa na hannu suke iso mu, ba takardar garanti, ba wanda za a mayar wa. Ba ka san sau nawa aka cire filogin aka mayar ba. Kafin ka biya, haska tocila cikin soket ɗin, ka duba ramukan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Launin ruwan ƙasa, ko roba mai ƙyalli kamar ta taɓa laushi, ko ƙauri, duk dalilin fasa ciniki ne ko rage kuɗi sosai. Tsohuwar adaftar da aka haɗo da shi kuwa, ni dai ba na amfani da ita. Gara sabuwar waya guda ɗaya daga kamfanin da ya ƙera PSU ɗin, domin bakin da ke shiga PSU ba iri ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wayar wani na iya ƙona kayan wani.

Wajen haɗawa, na fi son a jona filogin tun katin na hannu a cikin haske, a danna har ratar ta ɓace ta kowane gefe, a ɗan ja baya a tabbatar maƙallin ya kama, sannan a sa katin a mazauninsa. In an gama jera wayoyi a sake dubawa, don jan waya ta bayan allo na iya zaro shi kaɗan. In murfin gilashi na danne wayar, gidan ne ya yi ƙanƙanta, a sauya shi ko a bar murfin a buɗe.

Dabarar da ta fi kowacce arha ita ce rage wa katin wuta a manhaja, irin su MSI Afterburner. Katin 4090 da aka tsayar a kashi 80 cikin ɗari yana shan wat 360 maimakon 450, kuma abin da ake rasawa na gudu a yawancin wasanni kaɗan ne. Wutar kowane haƙori ta sauko daga amp 6.25 zuwa 5, zafin mahaɗar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, ɗakin ya rage ɗumi, inbata ko janareta ma su samu sauƙi. Wanda kuma ke da mitar da ke kama waya, ko zai iya aro wajen mai gyaran lantarki, ya kunna wasa mai nauyi ya auna wayoyin wuta shidan ɗaya bayan ɗaya. In ya ga biyar na nuna amp 4 ko 5, ɗaya na nuna 12, ya kashe kwamfutar ya sauya wayar a ranar.